Jiragen Fasinja na Ƙari a Manhajojin Kwaikwayon Tuƙin Jirgin Sama

Jirgin fasinja na ƙari ƙunshin fayiloli ne da ake ɗorawa a kan manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama ta kwamfutar gida, domin mai amfani da ita ya tuƙa kwatankwacin wani jirgin jigila na gaskiya, irin su Boeing 737 ko Airbus A320, wanda ko dai bai zo tare da manhajar ba, ko kuma ya zo amma an sauƙaƙa shi ƙwarai. Galibi ba kamfanin da ya mallaki manhajar ne ke ƙera waɗannan jirage ba. Ƙananan kamfanoni masu zaman kansu da ƙungiyoyin sa kai ne ke yin su, wasu na sayarwa, wasu na kyauta. Jirgin ƙari ba ya tashi da kansa, dole sai a cikin manhajar da aka ƙera shi dominta, kuma wannan dogaro shi ne ya tsara tarihinsa da kasuwarsa da yawancin matsalolinsa.

Asali

Microsoft ya fitar da Flight Simulator na farko a 1982, bayan ya karɓi lasisi daga kamfanin subLOGIC na Bruce Artwick. Jiragen wancan zamani ƙanana ne, kuma hotonsu bai wuce zane-zanen layuka ba. Ƙofar ƙera jirage ta buɗe sosai ga jama'a a 1995, lokacin da aka fitar da Flight Shop, wata manhaja da ke bai wa kowa damar zana jirginsa ya saka a Flight Simulator 5. Hakan ya zo daidai da yaɗuwar intanet, sai musayar jirage na kyauta ta bunƙasa. Jiragen fasinja na lokacin kuwa yawancinsu gangar jiki ce kawai da fenti, domin a ciki ana aro ma'aunai da halayen tashi daga jiragen da suka zo da manhajar.

Kamfanin PMDG, wanda Robert Randazzo ya kafa a 1997, ya fara ne da sayar da littattafan koyon sarrafa jirage kafin ya koma ƙera jiragen kansu, kuma cikakken sunansa, Precision Manuals Development Group, har yau yana ɗauke da wannan asali, domin "manuals" na nufin littattafan koyarwa. Boeing 737 NGX da ya fitar a 2011 domin Flight Simulator X ya zama ma'aunin da aka daɗe ana gwada sauran jirage da shi. A ɗaya ɓangaren, X-Plane na Austin Meyer, wata manhajar kwaikwayo dabam, wanda ya fito a 1995 ƙarƙashin Laminar Research, ya samu nasa maƙeran, irin su FlightFactor da ToLiss.

Abubuwan da ƙunshin ya ƙunsa

Abu na farko da ido ke gani shi ne siffar jirgin ta waje da ɗakin matuƙi, waɗanda ake ginawa da manhajar zane mai fuska uku, tare da fentin kamfanonin jigila daban-daban. Akwai kuma sauti, wanda manyan maƙera kan naɗo daga jirgi na gaskiya, tun daga kukan injin har zuwa ƙarar maɓalli idan an danna shi. Sai lissafin tashi, wato yadda jirgin ke amsa iska da nauyi da ƙarfin injin. A nan manhajojin sun sha bamban. Tsofaffin Flight Simulator suna dogara ne da jadawalin lambobi da maƙerin jirgin ya cika, X-Plane kuwa yana yanka fikafiki gunduwa-gunduwa a lissafi, ya auna ƙarfin iska a kan kowane yanki sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, sannan ya haɗa jimla.

Amma darajar jirgin fasinja na ƙari tana can ƙarƙashin fenti, a cikin na'urorinsa. Jirage biyu za su iya yin kama ɗaya a hoto, alhali ɗaya hoton ne kawai, ɗayan kuma yana ɗauke da aikin shekaru. A jirgi mai sauƙi, maɓallin famfon mai yana kunna fitila ne kawai a kan allo. A jirgi mai zurfi, maɓallin yana jan wuta daga wani layin lantarki takamaimai, idan layin ya mutu famfon ya tsaya, matsin mai ya faɗi, saƙon gargaɗi ya fito a allon da ya dace. Haka ake kwaikwayon tsarin haidirolik, wato na ruwa mai matsi da ke motsa sassan jirgi. Na Airbus A320 kashi uku ne, kore da shuɗi da rawaya, na Boeing 737 kuma A da B da na ko-ta-kwana, kuma kowanne yana da sassan jirgi da yake motsawa. Masu sha'awar abin suna kiran irin waɗannan jirage da sunan da ke nufin "matakin nazari", ma'ana sai mutum ya karanta littafin jirgin kafin ya iya tuƙa shi. Babu wata hukuma da ke tantance wannan laƙabi, don haka masu talla kan manna shi a kan jirgin da bai kai ba.

Mafi wuya a cikin aikin shi ne kwamfutar tafiyar da jirgi, wadda a Boeing ake kira FMC, a Airbus kuma matuƙi ke shiga cikinta ta allon MCDU. A nan ake shigar da hanyar tafiya, da nauyin jirgi, da yawan mai, da tsayin da za a yi tafiya a kai, ita kuma ta lissafa gudun tashi, da wurin da ya kamata a fara gangarowa, da man da zai rage idan an isa. Bin hanya hagu da dama yana da sauƙin kwaikwayo idan aka kwatanta da lissafin hawa da sauka, domin na biyun ya haɗa iska da nauyi da ƙa'idojin tsayi da gudu a kowace mahaɗa. Sau da yawa a nan ne jirgin da aka yi cikin gaggawa ke tonuwa, ya iso kusa da filin sauka yana sama da yawa ko yana gudu fiye da kima. A jiragen Airbus irin su A320 akwai ƙarin nauyi, saboda sandar matuƙi ba ta haɗe kai tsaye da fikafikai, kwamfuta ce ke tsakani, kuma a yanayin aiki na yau da kullum ba ta barin jirgin ya karkata fiye da digiri 67. Idan wasu na'urori suka lalace wannan kariya takan ragu mataki-mataki, kuma jirgin ƙari mai inganci yana nuna kowane mataki.

Yawancin masu amfani da irin waɗannan jirage sun fi son su tarar da jirgin a kashe ɗungurungum, babu wuta babu injin, su fara daga batir, su tayar da ƙaramin injin taimako da ke wutsiya, su jira na'urar gane matsayi ta daidaita kanta, abin da a jirgi na gaskiya yakan ɗauki kusan minti 10. Maƙera kan sanya zaɓin gajarta wannan jira domin marasa haƙuri.

Bayanan hanya da tashi tare da jama'a

Hanyoyin sama da tsarin tashi da sauka na filayen jirage suna canjawa a duniya bisa zagayen AIRAC, kowane kwana 28. Jirgin ƙari yakan zo da bayanai na wani zagaye guda, waɗanda ke tsufa, sai mai shi ya riƙa sabuntawa ta hanyar biyan kuɗin rajista ga kamfani irin Navigraph, wanda a 2021 ya mallaki SimBrief, shafin da ke tsara takardar tafiya da lissafin mai. Sabuntawar tana da muhimmanci musamman ga masu tashi a dandalin IVAO, da aka kafa a 1998, ko VATSIM, da aka kafa a 2001, inda 'yan sa kai ke zama masu kula da zirga-zirgar sama suna ba da umarni da murya. Idan mai kula ya ba da hanyar da babu ita a kwamfutar jirgin, tafiyar ta cije.

Dogaro da manhajar uwa

Kowane sauyi a manhajar uwa, wato manhajar kwaikwayon da ake ɗora jirgin a kanta, yana girgiza kasuwar jiragen ƙari. Flight Simulator X ya fito a 2006, a Janairun 2009 kuma Microsoft ya rufe sashen ACES da ke ƙera shi. Maƙera suka ci gaba da tura jirage masu nauyi cikin manhajar da aka daina rayawa, wadda tsarinta na bit 32 ba ya iya amfani da ƙwaƙwalwar da ta wuce gigabait 4. Sakamakon shi ne manhajar takan rufe kanta idan ƙwaƙwalwa ta cika, sau da yawa daidai lokacin da ake shirin sauka a babban fili bayan tafiyar sa'o'i. Kamfanin Lockheed Martin ya gina Prepar3D, wata manhajar kwaikwayo, a kan tushen fasahar Flight Simulator X, ya fitar da shi a 2010, kuma zubi na 4 da ya zo a 2017 da bit 64 ya kawar da wannan matsala, sai dai ya tilasta wa maƙera sake gina jiragensu, wasu masu saye kuma suka sake biyan kuɗi.

An maimaita hakan a ranar 18 ga Agusta, 2020, da fitowar sabon Microsoft Flight Simulator, wanda Asobo Studio na birnin Bordo a Faransa ya ƙera. Tsofaffin jirage masu zurfi ba su yi aiki a cikinsa ba, saboda hanyar rubuta na'urorin jirgi ta koma fasahohin rubuta manhaja na WebAssembly da JavaScript. A cikin wannan giɓi ne 'yan sa kai na FlyByWire suka ɗauki A320neo da ya zo da manhajar suka riƙa gyara shi a fili, kowa na iya ganin rubutun manhajarsa, har ya zama A32NX, ɗaya daga cikin jiragen kyauta da aka fi amfani da su. Masu X-Plane suna da makamancinsa a gyaran Zibo na Boeing 737-800. Sai a Mayun 2022 ne 737 na PMDG da A320 na Fenix suka fito. Na Fenix yana gudanar da yawancin na'urorinsa a wata manhaja dabam da ke aiki a gefe, dabarar da ke ba shi 'yanci daga iyakokin manhajar uwa amma take hana shi zuwa na'urar wasan bidiyo ta Xbox.

Lasisi, sata da iyakar amfani

Wasu maƙera suna da lasisi daga Boeing ko Airbus na amfani da suna da siffar jirgi, amma lasisin ba shaida ba ce ta cewa na'urorin sun yi daidai da na gaskiya. Jirgi mai zurfi yakan kai farashin manhajar uwa ko ya zarce, kasuwar kuma ƙarama ce, shi ya sa satar kwafi ke damun maƙera. A Fabrairun 2018 an gano cewa manhajar girka A320 na Flight Sim Labs tana ɗauke da wata dabarar kwaso kalmomin sirri daga burauzar Chrome. Kamfanin ya ce masu satar kwafi ya nufa da ita, ya kuma cire ta bayan suka mai zafi.

Matuƙa na gaskiya kan yi amfani da waɗannan jirage don bitar jerin matakai da sabawa da kwamfutar jirgi kafin zuwa horo. Hukumomin sufurin sama ba sa ƙirga sa'o'in da aka yi a kwamfutar gida cikin sa'o'in tuƙi, domin sai na'urar horo da aka tantance gaba ɗayanta, manhaja da kayan aiki tare, ake amincewa da ita. Maƙeran da kansu sukan rubuta a yarjejeniyar sayarwa cewa jirgin na nishaɗi ne, ba na horar da matuƙa ba.