Dangwala yatsa a takardar bincike ba ɗaure kai ba ne

An daɗe ana ɗauka cewa da zarar uba ya dangwala yatsa a takardar gwajin magani, shi ke nan, ɗansa ya zama na likitoci sai sun gama. Sam ba haka ba ne. Yarjejeniyar Helsinki, wadda ƙungiyar likitoci ta duniya ta fara fitarwa a 1964, ta ba mutum damar janyewa duk lokacin da ya so, kuma ba za a hana shi maganin da ya saba samu ba.

Tsoron yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, an gwada maganin Trovan na kamfanin Pfizer a binciken da ya shafi yara kusan 200, iyaye da dama suka ce ba a fahimtar da su gwaji ake yi ba.

Ƙa'idar ita ce a yi bayani da yaren da uba yake ji. In bai iya karatu ba, a samo shaidan da ba ma'aikacin binciken ba ne ya zauna, sannan a ba uban kwafin takardar. Yaron da ya yi wayo ma sai an nemi yardarsa.

Amma mai janyewa ya gaya wa likitan tukuna, domin wasu magunguna suna da haɗari in aka yanke su farat ɗaya.