Laburaren ƙunshe fayiloli da kwance su

Laburaren ƙunshi tarin umarni ne da aka riga aka rubuta, wanda mai haɗa manhaja ke kira cikin aikinsa don ya ɗaure fayiloli da yawa su zama guda, ko ya kwance su. Ana yawan cakuɗa ƙunshewa da matsewa, wato rage girman fayil, alhali aiki biyu ne: tar ƙunshewa kawai yake yi, gzip matse fayil guda kawai, ZIP kuwa ya haɗa biyun.

Tarihi

Tar ya fito tare da Unix, wata babbar manhajar gudanar da kwamfuta, a 1979, lokacin da ake adana bayanai a kan kaset. Phil Katz na kamfanin PKWARE ya fitar da ZIP a 1989, bayan shari'a da masu ARC, wani tsarin ƙunshi da ya riga shi. Har yau ra'ayoyi sun rabu kan wa ke da gaskiya. Abin da ya ɗaukaka ZIP shi ne Katz ya bayyana tsarinsa a fili, kowa ya iya rubuta abin da zai karanta shi. A 1995 Jean-loup Gailly da Mark Adler suka saki zlib, wanda ke matsewa da dabarar DEFLATE. Sai dai zlib shi kaɗai ba ya buɗe fayil ɗin ZIP. Sai an haɗa shi da wani laburare, kamar minizip na Gilles Vollant. Sabbin shiga da yawa a nan suke tuntuɓe.

Wajen 2003 Tim Kientzle ya fara libarchive domin FreeBSD, wani dangin Unix. Yana karanta tar, ZIP, 7z, cpio, ISO da RAR ta ƙofa ɗaya, kuma shi ya fi dacewa da wanda bai san irin ƙunshin da za a aiko masa ba. Ba ya rubuta RAR, domin dabarar matsewarsa ba a sake ta ga kowa ba.

A harsunan rubuta manhaja

Python na zuwa da zipfile da tarfile. Java na da java.util.zip.

Sunayen fayiloli

A ofisoshin Yamai ana raɗa wa fayil suna da Faransanci ko Hausa, wani da é, wani da ƙ ko ɗ. Tsohon ZIP ya dogara da jerin haruffa na CP437, wanda babu ƙ, ɗ ko ɓ a cikinsa. Alamar UTF-8, mai nuna cewa an rubuta suna da tsarin da ke ɗauke da waɗannan haruffa, ta shigo daga baya. Laburaren da bai sa wannan alama ba, fayil mai suna “ƙididdiga” zai iya isa wata kwamfuta da sunan da ba ya karantuwa. Ya kamata a gwada wannan tun kafin a zaɓi laburare.

Tsaro

Ƙunshi na iya ɗauke da suna mai ../ (alamar fita daga jakar da ake ciki) wanda zai sa a rubuta fayil a wajen da ba a nufa ba, don haka sai a tantance kowane suna kafin kwancewa. A Maris 2024 Andres Freund ya gano ɓoyayyar ƙofar kutse da aka dasa cikin manhajar matsewa ta xz, fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1.