Waƙar Japan ta 1984 da sai bayan shekara talatin duniya ta waiwaye ta

Wallahi duk sanda na kunna Plastic Love ta Mariya Takeuchi sai inji kamar jiya aka fitar da ita, alhali tun 1984 take, a cikin albam ɗinta Variety. Ita ta rubuta kayarta, mijinta Tatsuro Yamashita kuma shi ya tsara kiɗan. Ka sa iyafis ka saurara da kyau, gangar tana tafiya irin ta disko, jita tana ɗan tsinke-tsinke irin na fank ɗin baƙaƙen Amurka, bas ɗin nan a ƙasa yana jan ƙafarka ko baka shirya ba, can sai kayan busa su faɗo kamar a gidan jaz. Kiɗan na rawa ne amma maganar ciki ta ɓacin rai ce, mace ce da soyayya ta taɓa ƙona ta sai ta koma yawon dare tana wasa da zukatan mutane dan kar a sake mata. Ni dai wannan haɗin ne ya kama ni, kuma bana jin Japananci, amma ai mu da muka tashi da waƙoƙin Indiya ba sai an mana bayanin wannan ba.

To abin ba daga sama ya faɗo ba. Tun farkon shekarun 1970 akwai wata ƙungiya Happy End, su Haruomi Hosono da Eiichi Ohtaki, da suka dage sai sun yi kiɗan rok da yarensu a lokacin da wasu ke ganin ba a yinsa sai da Turanci. Daga nan Yamashita da Taeko Onuki suka yi ƙungiyar Sugar Babe, suka fitar da albam ɗin Songs a 1975, bai wani yi kasuwa ba a lokacin. Sai tattalin arzikin Japan ya bunƙasa, kuɗi suka shigo, situdiyo suka samu kayan aiki masu tsada da ƙwararrun makaɗa, Sony ta fito da Walkman a 1979, samari suna sa kaset a mota suna zaga Tokyo da dare, to waƙoƙin wannan rayuwar ne ake ce ma city pop.

Abin mamaki Variety ya hau na ɗaya a Japan amma ita Plastic Love da aka fitar da ita ita kaɗai a 1985 bata yi wani tashe ba. Da tattalin arzikin ya karye a farkon shekarun 1990 sai salon ma ya kwanta gaba ɗaya.

Sai 2017 wani ya ɗora ta a YouTube da wani hoton Mariya baƙi da fari tana murmushi, wanda ma ba na waƙar bane, na wata ce daban, YouTube kuma ya dinga turo ma mutane ita babu gaira babu dalili har miliyoyi suka kalla. Har sauke bidiyon aka yi a ƙarshen 2018 saboda haƙƙin mai hoton, Alan Levenson, daga baya aka daidaita ya dawo. Cikakken bidiyon waƙar na hukuma kuwa sai 2021 ya fito.

Ƙofar da ta buɗe wasu ma sun shige. Mawaƙin Kanada The Weeknd ya ɗauki kiɗan Midnight Pretenders ta Tomoko Aran ya gina Out of Time a 2022. Wadda tafi taɓa ni dai ita ce Mayonaka no Door ta Miki Matsubara, waƙar 1979, da ta fashe a TikTok a 2020 matasan Japan suna kunna ma iyayensu mata suna ɗaukarsu a waya yadda fuskarsu ke canzawa suna bin baitin. Ita Miki ta rasu tun 2004 tana da shekara 44, bata ga ko ɗaya ba.