ADC a Cikin Maikurokontirola da Manhajar da Ke Sarrafa Shi

ADC wani sashe ne a cikin maikurokontirola (ƙaramar kwamfuta a guntu ɗaya) da ke karɓar ƙarfin lantarki mai hawa da sauka, ya mayar da shi lamba wadda kwamfuta za ta iya lissafi da ita. Zafi, haske, sauti da cajin batiri duk suna sauyawa a hankali, ba tare da tsalle ba. Ita kuwa kwamfuta sifili da ɗaya kawai ta sani. Manhajar da ake kira direba ita ce ke kunna wannan sashe, ta ba shi umarni, ta ɗauko sakamako ta miƙa wa sauran shirin.

Misalin da ya fi yaɗuwa shi ne ATmega328P, guntun da ke kan allon Arduino Uno, wanda kamfanin Atmel ya ƙera kafin Microchip ya saye shi a 2016. ADC ɗinsa mai bit 10 ne, wato yana raba ma'auninsa (ƙarfin lantarkin da yake kwatanta awo da shi) gida 1,024, daga 0 zuwa 1,023. Idan ma'aunin bolt 5 ne, kowane mataki kusan milibolt 4.9 ke nan. Guntayen STM32 da yawa da ESP32 suna da bit 12, matakai 4,096.

Yadda yake aunawa

Da farko wani ɗan ƙaramin kafasita (abin riƙe caji) yana ɗaukar ƙarfin da ke kan ƙafar guntun da aka zaɓa, ya riƙe shi. Daga nan sai a shiga gwaji kamar mai awo da sikeli, wanda ke fara ɗora babban dutsen awo kafin ƙanana. A ce bolt 3 ne ya shigo. Za a gwada shi da rabin ma'auni, 2.5, ya fi shi, sai a rubuta 1. A gwada da 3.75, bai kai ba, sai a rubuta 0. Haka za a yi ta rage tazarar har sau goma, a ƙarshe a sami 614. Awo ɗaya yana cin bugun agogon ADC 13, amma na farko bayan kunnawa yana cin 25.

Aikin direba

A ATmega328P direba tana magana da ADC ta wasu rajistoci, wato ƙananan wuraren ajiye lambobi a cikin guntun. Da ADMUX take zaɓar ƙafa da ma'auni. Da ADCSRA take kunna sashen, ta saita saurin agogo, ta fara awo. Takardar bayanan guntun ta ce don samun cikakken bit 10, agogon ADC ya kasance tsakanin kilohaz 50 da 200, shi ya sa Arduino ke raba megahaz 16 da 128 ya sami kilohaz 125. Da wannan sauri, analogRead, umarnin Arduino na karanta ADC, tana ɗaukar kusan maikurosakan 100.

Sakamakon yana zama a rajistoci biyu, kuma dole a karanta ADCL kafin ADCH. Karanta ta farkon yana kulle su biyun, don kada a haɗa rabin tsohon awo da rabin sabo.

Jiran sakamako kala uku ne. Direba na iya tsayawa tana duba ko an gama, wanda shi ne mafi sauƙi amma yana cinye lokacin injin. Tana iya ci gaba da wani aiki har ADC ya katse ta. A guntaye irin STM32 kuwa, wani sashe mai suna DMA ne ke kwashe sakamakon zuwa ƙwaƙwalwa kai tsaye, abin da ake buƙata wajen ɗaukar sauti. Bisa ƙa'idar Nyquist da Shannon, saurin awo dole ya wuce ninki biyu na saurin hawa da saukar siginar, in ba haka ba a sami siginar ƙarya.

Inda kuskure ke shigowa

Babban abin da ya kamata mai rubuta direba ya riƙe shi ne, lambar da ADC ke bayarwa kwatance ce da ma'auni, ba bolt ba ce. Idan allon yana cin wuta daga USB, wutar kuma ita ce ma'auni, sai ta sauka zuwa bolt 4.7, wancan bolt 3 zai fito 653 maimakon 614, alhali babu abin da ya sauya a wajen sensa. Mai haɗa na'urar duba batirin sola mai bolt 12, wanda dole ya rage ƙarfin da rizista biyu kafin ya shiga ƙafar, zai ga batirin ya cika alhali bai cika ba.

Zaɓen ma'auni ma yana da tasiri sosai. Sensar zafi LM35 tana ba da milibolt 10 a kowane digiri. Da ma'aunin bolt 5, mataki ɗaya kusan rabin digiri ne; da ma'aunin cikin guntun na bolt 1.1, ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na digiri.

Akwai kuma matsalar kafasita. Idan turjiyar tushen siginar (yadda yake hana lantarki wucewa) ta haura kilo-om 10, kafasitan ba ya samun cika a kan lokaci, sai ragowar awon ƙafar baya ya gurɓata sabon. Saboda haka direbobi da yawa ke watsar da awon farko bayan sauya ƙafa, ko su ɗauki awo da dama su fitar da matsakaici. A ESP32 na asali kuma, ba a iya dogara da sashen ADC2 yayin da Wi-Fi ke aiki, don haka sensa ta fi dacewa da ƙafafun ADC1.