Karatun antropoloji a jami'a da fita waje: misalin Maraɗi

Antropoloji, wanda wasu ke kira nazarin zaman jama'a da al'adunsu, reshen ilimi ne da ke bin diddigin yadda mutane suke zaune da juna: aure da gado, sarauta da talakawa, kasuwa da bashi, addini da magani, da abin da jama'a suka ɗauka kunya ko mutunci. An fi sanin sa da hanyar aikinsa. Mai binciken yakan tare a cikin mutane wata da watanni, ya ci tuwonsu, ya koyi harshensu, ya rubuta abin da ya gani da idonsa, don gani ya kori ji. Shi ya sa da wuya a kammala karatun ba a bar gida ba. Ga ɗan Maraɗi fitar iri biyu ce: ya shiga ƙauye bincike, ko ya ƙetare iyaka zuwa wata jami'a, inda sau da yawa yakan tarar an riga an cika kantocin littattafai da labarin garinsu.

Asalin fannin

A Ingila fannin ya fara samun kujerar farfesa da sunan antropolojin zaman jama'a, a Jami'ar Libaful wajen 1908, aka ba James Frazer, mutumin da ya yi rubuce-rubucensa daga ɗakin karatu. Wanda ya sauya tafiyar shi ne Bronislaw Malinowski, ɗan Polan, da ya zauna a tsibiran Trobriand tsakanin 1915 da 1918, ya fitar da littafinsa a 1922. Tun daga lokacin dogon zama a cikin jama'a ya zama sharaɗin shiga sahun masana. Ajinsa na Landan ya tara ɗalibai daga nesa, har da Jomo Kenyatta, wanda ya rubuta littafi kan mutanensa Kikuyu a 1938, tun bai zama shugaban Kenya ba.

Faransa ta bi tata hanyar. An kafa cibiyar nazarin ƙabilu a Paris a 1925, Marcel Mauss na cikin jagororinta, sannan Marcel Griaule ya ja ayarin bincike daga Dakar zuwa Jibuti tsakanin 1931 da 1933. Ta wannan ƙofa fannin ya shigo Nijar. Jean Rouch ya zo a 1941 yana injiniyan gina hanyoyi, ya koma mai nazarin Zabarmawa da Sonrai, kuma a Nijar ajalinsa ya same shi, a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004.

Maraɗi a idon masu bincike

Garuruwan Hausa kaɗan ne aka yi wa rubutu kamar Maraɗi, kuma akwai dalili. Sarakunan Katsina da jihadi ya fitar da su wajen 1807 sun kafa sabon mazauni a bakin gulbi, ana cewa wajen 1819 a zamanin Ɗan Kasawa, Gobirawa kuma suka zauna Tsibiri bayan haka. Masu bincike sun ɗauka cewa a nan za su ga tsarin sarautar Hausa irin na kafin jihadi: Iya da ke riƙe da 'yan bori a Maraɗi, Inna a Tsibiri, da Anna manoma masu riƙe da al'adun gado. M. G. Smith, ɗan Jamaika da aka fi sani da aikinsa kan Zazzau da Daura, ya rubuta maƙala a 1967 kan mulkin sarkin Maraɗi Ɗan Baskore, inda ya sa shekarun mulkin daga 1854 zuwa 1875.

Wanda ya fi daɗewa a kwarin Maraɗi shi ne Bafaranshe Guy Nicolas. Ya yi aiki a yankin a shekarun 1960, babban littafinsa ya fito a 1975, wani kuma a 1986 kan kyauta da ciniki. Ya tsaya sosai kan biki. Ranar suna ko aure, mace ta kai wa ƙawarta dala ɗari, ana shelantawa a gaban taro, kowa ya ji. Ranar da nata bikin ya zo, jika guda za a mayar mata, wato ninki, haka zai yi ta hawa har nauyin ya fi ƙarfinsu su koma ƙasa su sake farawa. Ga 'yar gari wannan zumunci ne kawai. Nicolas ya nuna cewa a ciki akwai ajiya, akwai bashi, akwai gasar suna, kuma dukiya mai yawa tana zagayawa ta hannun mata ba ta bi ta kasuwa ba. Ya kuma yi bayanin dubu, bikin da manomi ke yi idan ya tara dami dubu, ya rabar da hatsin don ya karɓi sarautar noma. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta fitar da nazarinta kan bori a 1972.

Claude Raynaut ya zauna ƙauyen Sumarana, kudu da birni, littafinsa ya fito wajen 1972. Bayan farin shekarun 1970 ya jagoranci ayarin Jami'ar Bordo da ya haɗa masana noma, ƙasa da zaman jama'a don gano yadda gandu ke watsewa, gona ta fara shiga ciniki. Emmanuel Grégoire ya rubuta littafin alhazan Maraɗi a 1986, ya bi sawun dukiyarsu daga cinikin gyaɗa zuwa fataucin kan iyakar Najeriya, da dangantakar ubangida da bara. Ba'amurkiya Barbara Cooper, wadda masaniyar tarihi ce amma ta yi aiki irin na 'yan antropoloji, ta fitar da littafi kan aure a Maraɗi a 1997. Ta saurari mata kan kayan ɗaki, kulle da zawarci, da yadda zama ya sauya bayan ambaliyar 1945 da ta sa aka tashi garin daga kwari zuwa tudu.

Abin da ke ci wa mai karatu rai a nan shi ne harshe. Tsofaffin da suka ba da labarin da Hausa suka ba da shi, amma da Faransanci da Ingilishi aka buga, kuma samun kwafin ya fi sauƙi a Paris ko Bordo fiye da Maraɗi. Sunayen tafintoci da 'yan rakiya, waɗanda su ne suka buɗe ƙofofin gidaje, galibi a shafin godiya suka tsaya.

Inda ake karatun a Nijar

An buɗe reshen cibiyar binciken Faransa ta IFAN a Yamai wajen 1944, Boubou Hama ya taɓa riƙe shi, kuma shi ne ya zama cibiyar IRSH da ke ƙarƙashin jami'a tun 1974. Jami'ar Yamai ta fara a 1971, ta ɗauki sunan Abdou Moumouni a 1992. A tsangayarta ta adabi da ilimin ɗan Adam ake koyar da antropoloji, haɗe da sosiyoloji. Cibiyar LASDEL, da aka kafa a Yamai a 2001 tare da masana irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou, ta juya akalar binciken zuwa asibiti, kotu, ma'aikatar magajin gari da cin hanci.

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, da ta tsaya da ƙafarta a 2010, ta fi ƙarfi a kimiyya, noma da lafiya. Don haka mai son fannin, da ya samu bak, wato shaidar kammala sakandare, yakan nufi Yamai ko Damagaram.

Tsarin karatu

Ana bin tsarin lisans shekara 3, mastar shekara 2, digirin dakta shekara 3 ko fiye. Kowane zango yana da maki 30, lisans 180, mastar 120. Darussan farko su ne tarihin fannin, dangantakar jini da aure, addini, siyasa, tattalin arziki da dabarun bincike. A mastar ɗalibi ke rubuta kundinsa ya kare shi a gaban malamai.

Fita waje

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, kuma tun kafin boko almajiran yankin suna tafiya gabas neman karatu. Fitar ɗalibin antropoloji takan zo ne a mastar ko digirin dakta. Akwai mai zuwa zango ɗaya ko biyu ya dawo da makinsa a lissafa masa a gida, abin da tsarin maki na bai ɗaya ya sauƙaƙa. Akwai mai digiri a hannun malamai biyu, ɗaya a Yamai ɗaya a waje, yana raba shekara tsakaninsu. Shirin Erasmus na Turai, da aka fara a 1987, ya buɗe wa jami'o'in wajen Turai ƙofar musaya wajen 2015. Kuɗin tafiya kan fito daga hukumar ANAB ta gwamnati mai ba da tallafin karatu, ko DAAD ta Jamus, ko aikin bincike da ya ɗauki ɗalibin.

Wuraren da aka saba zuwa sun haɗa da makarantar EHESS a Paris da Marsai, jami'o'in Beljiyam, da Mainz da Bayreuth a Jamus. A cikin Afirka akwai Dakar, Wagadugu da Kwatano. Mafi kusa ita ce Najeriya, don Katsina ba ta kai kilomita 100 daga Maraɗi ba, ga Kano da Zariya a gaba. Sai dai can da Ingilishi ake karatu, kuma daidaita takardun shaida yana cin lokaci. Duk da haka wanda ya jure yana samun abin da Turai ba ta bayarwa: ajin da malami da ɗalibi duk Hausawa ne. Yakan kuma haɗu da aikin Polly Hill kan Batagarawa, da tarihin rayuwar Baba ta Karo da Mary Smith ta fitar a 1954.

Amfanin zaman waje ya wuce ɗakin karatu. Ɗalibin da ya yi hunturu a garin da maƙwabci ba ya gaida maƙwabci, aka tambaye shi a aji me ya sa mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ya rasa amsa ban da "haka muka taras", ranar ya fara ganin gida da idon baƙo. Wahalarsa kuma sananniya ce: biza, tsadar ɗaki, jinkirin kuɗin tallafi, azumi mai dogon yini, da kewar iyali. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 da rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024, hanyar Faransa ta ƙuntata ƙwarai.

Zaman bincike

Ɗalibai na kiran zaman bincike a cikin jama'a teran. Mai bincike yakan fara da gidan mai gari, da takardar izini da ɗan goro, a ba shi masauki da wanda zai zagaya da shi. Safiya ta gaisuwa ce, hira kuma sai an sauko daga gona, a gindin bedi ko a fadar samari ana dafa shayi. Da dare yake kwafe abin da ya ji a littafinsa, tun bai manta ba. Ɗan gari yana da riba: ya san cewa "dala ashirin" sefa 100 ce, inda baƙo zai rubuta 20 lissafinsa ya rushe. Yana da nasa cikas kuma. Dattijo zai ce masa, "Haba ɗana, kai ma ai ka sani," ya rufe maganar a nan, kuma namiji ba ya shiga cikin gidan kulle, sai ya nemi abokiyar aiki mace.

Saɓani

Ana zargin fannin da yi wa mulkin mallaka hidima, wasu kuma na cewa masu mulkin ba su cika karanta shi ba. Akwai malaman addini da ke ƙyamar rubutu kan bori. Kalmar Anna ko Arna ma ana jayayya a kanta, don wasu na jin ta zagi.

Aikin yi

Guraben aikin wanda ya gama su ne koyarwa, cibiyoyin bincike, da ayyukan raya karkara, lafiya da agaji, waɗanda Maraɗi ke da su da yawa tun bayan yunwar 2005. Mafi yawan guraben na kwangilar 'yan watanni ne.