Tunkusa: abin da kalmar ta ƙunsa, da yadda Nijar ta koma mai saye

Tunkusa ita ce abin da ya rage bayan an matse mai daga ƙwaya. A gida an fi saninta a hannun mata masu man gyaɗa, ita ake murzawa a soya ta zama ƙuli-ƙuli. A takardun duwan da na jami'an kiwo kuwa, inda ake rubuta ta da sunan Faransanci, turto, sunan ya haɗa har da ta angurya, ta waken soya da ta riɗi. Suna ɗaya ne, amma abin da ke cikin buhu ya bambanta ƙwarai.

Kilo 100 na ɓararriyar gyaɗa, idan inji ya matse, yana ba da mai wajen kilo 40, saura kusan duk tunkusa ce. Ta gyaɗa na ɗauke da furotin, wato sinadarin gina jiki, kashi 45 zuwa 50 cikin 100, ta soya 44 zuwa 48. Ta angurya ta danganta da ɓawo: wadda aka ɓare kafin matsa tana kai kashi 40, wadda aka matse da ɓawonta ba ta cika wuce 25 ba. Shi ya sa buhu biyu masu nauyi ɗaya ba sa ba da nono ɗaya idan an ba saniya.

A shekarun 1960 gyaɗa ce kan gaba a kayan da Nijar ke fitarwa. An kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikinta, ga masana'antun mai a Maraɗi, Matamai da Magarya, kaya na bi ta Legas ko Kwatano zuwa Turai, inda tunkusar ke zama abincin shanu. Senigal ma a kan wannan ciniki ta tsaya. Sai farin 1968 zuwa 1974 ya zo, kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975 ta cinye gonaki, manoma suka koma ga hatsi da wake.

Ko da a ce damina ba ta ci amana ba, kasuwar ta riga ta fara rufewa. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkusar gyaɗa da aka kawo daga Birazil, a nan aka gano dafin aflatoksin. Funfuna ce ke haifar da shi a gyaɗar da ba ta bushe ba, ko wadda fari ya kama tana cikin ƙasa. Yau Tarayyar Turai ba ta karɓar kayan haɗa abincin dabba da ya wuce miligiram 0.02 a kowane kilo. Ana cikin haka tunkusar soya daga Amurka, Birazil da Ajantina ta cika kasuwar duniya, ga araha, ga inganci iri ɗaya a kowane jirgi.

Cinikin bai mutu ba, alƙibla ya sauya. Tunkusar da ke yawo a yankinmu yanzu yawancinta ta angurya ce, daga Kutiyala a Mali, Bobo-Julaso a Barkina Faso da Bohikon a Benin, kuma arewa take nufa, wurin dabbobi. Nan ne raunin makiyayin Abalak ko Cintabaraden yake: ƙasashen da ke matsar anguryar su ma suna da garke. A ƙarshen 2021 Mali ta dakatar da fitar da angurya da tunkusarta, sannan rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023 ya tsawaita hanyar kayan Benin. Wanda ya jira sai bazara ta yi tsanani, ciyawa ta ƙare, shi ke saye da tsada. Lokacin saye shi ne sanyi, sa'ad da masana'antu ke kan matsa.

A kasuwar Tawa ko Yamai, kada a biya sai an kwance bakin buhu. A karya dunƙule a duba cikinsa: kore-kore ko baƙi-baƙi, warin rima, ko ɗumi a tsakiyar buhu, duk alamar funfuna ce. Tafasawa ba ta kashe dafin, kuma yana ratsa jikin saniya ya fito a nonon da yara ke sha. Wannan kaɗai ya isa a bar buhun, komai araharsa. A ajiye kaya a kan katako, nesa da bango da daɓen siminti.

Wajen bayarwa, ragon turke giram 200 zuwa 300 a yini ya ishe shi, saniyar tatsa kilo 1 zuwa 2, a kan harawa ko kara. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin sati ɗaya zuwa biyu, don sauyi na farat ɗaya yana kawo zawo. In an jiƙa, a ba da ita a ranar, kwananniya takan yi tsami. Ta angurya tana da wani dafi na kanta, gosifol, wanda tumbin babbar dabba ke iya rage ƙarfinsa. Maraƙin da bai fara tuƙa ba da kaji ba su da wannan kariya, su a nema musu ta gyaɗa mai tsafta ko ta soya.