Takalmin taya mai jeri ɗaya: yadda yara da matasa suke fara koyonsa

Takalmin taya mai jeri ɗaya takalmi ne mai tauri da yake rufe ƙafa har sama da idon sawu, kuma a ƙarƙashinsa akwai ƙarfe ko roba mai ƙarfi da ke riƙe da tayoyi uku zuwa biyar, ɗaya bayan ɗaya. Wannan jerin ne ya bambanta shi da mai tayoyi huɗu, biyu gaba biyu baya. Ana hawansa don nishaɗi da motsa jiki da tsere, kuma hukumar World Skate, mai hedikwata a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, ita take kula da gasanninsa a duniya.

Asali

A shekarun 1760, John Joseph Merlin, mutumin Beljiyam da ke zaune a Landan, ya shiga wani taron biki a kan takalmin taya da ya ƙera da kansa, yana tafe yana goga goge irin na Turawa. Da yake bai tanadi hanyar tsayawa ba, sai ya faɗa wa wani babban madubi, ya farfasa shi, ya ji rauni. A 1819 wani Bafaranshe mai suna Petitbled ya yi wa nasa samfurin rajistar mallaka, sannan a 1863 James Plimpton na Amurka ya fito da mai tayoyi huɗu, wanda ya fi sauƙin juyawa har ya danne mai jeri ɗaya fiye da shekara ɗari. 'Yan'uwa biyu, Scott da Brennan Olson na jihar Minnesota, su ne suka farfaɗo da shi wajen 1980, don su riƙa atisayen wasan hoki, wanda ake bugawa a kan ƙanƙara, a lokacin da babu ita, kuma daga aikinsu kamfanin Rollerblade ya samo asali.

Takalmi da kayan kariya

Takalmin mai koyo ya kamata ya kama ƙafa sosai, diddige ba ya ɗagawa, idon sawu ba ya lanƙwashewa ciki. Sayen wanda ya yi wa yaro yawa da nufin ya girma a cikinsa kuskure ne, domin akwai na yara da ake ƙara wa tsawo da maɓalli. Ana auna faɗin taya da milimita: na yara yakan kama daga 64 zuwa 72, na manya masu koyo 76 zuwa 84, na 'yan tsere kuwa 100 zuwa sama. Ƙaramar taya tana kusantar da ƙafa ga ƙasa kuma ba ta da gudu sosai, shi ya sa ta fi dacewa da farawa. Wanda zai sayi na gwanjo ya duba maɗaurai ko sun tsage, ya juya kowace taya ya ji ƙarar boris ɗinta, ya kuma tabbatar robar birki tana nan a diddige, galibi a ƙafar dama.

Kayan kariya su ne hular kwano da makarin wuyan hannu da na gwiwar hannu da na gwiwa. Wani bincike da mujallar likitanci ta New England ta buga a 1996 ya nuna cewa wuyan hannu ne ya fi kowace gaɓa jin rauni a wannan wasa, kusan kashi ɗaya cikin uku na raunukan da aka duba, kuma makarinsa yana rage haɗarin ƙwarai. Dalilin a fili yake, domin duk wanda zai faɗi hannu yake fara miƙawa. Hular kwano ta zauna daidai a kai, bakinta kamar faɗin yatsa biyu sama da gira, a kuma ɗaure igiyarta a haɓa. Doguwar riga ko jallabiya ko hijabi mai jan ƙasa suna iya shiga taya, don haka a sa tufafin da suka rufe jiki amma ba su sauka ƙasa da idon sawu ba.

Matakan koyo

Ana fara tsayuwa a inda taya ba ta gudu, kamar kan ciyawa ko darduma. Mai koyo ya lanƙwasa gwiwa, ya ɗan sunkuya gaba, ya ajiye hannuwa a gabansa, diddigai kusa da juna, yatsun ƙafa suna kallon waje. Miƙewa samɓal ita take sa ƙafafu su zame gaba mutum ya faɗi ta baya, kuma wannan faɗuwar ce mafi muni, saboda ƙeya da ƙashin gindi ne suke bugun ƙasa. Shi ya sa ake koyon faɗuwa da gangan tun ranar farko: a fara saukar da gwiwa a kan makarinta, sannan hannuwa su biyo baya, yatsu a ɗage.

Bayan haka sai tsayawa, kuma bai kamata yaro ya nemi gudu ba sai ya iya ta. Ana haɗa ƙafafu kusa, a tura mai birkin gaba, a bar nauyin jiki a kan ta baya, sannan a ɗaga yatsun ta gaba har robar ta goga ƙasa, ana ƙara dannawa a hankali. Tafiya kuwa da tura ƙafa gefe ake yin ta, ba baya ba, ana sulalewa a kan ɗaya kafin a sauya.

Wuri da lokaci a Kebbi

A Birnin Kebbi da Argungu da Jega, babban ƙalubale shi ne samun daɓe mai laushi wanda babu yashi a kansa. Tsakuwa guda tana iya tsayar da taya nan take, jiki kuma ya ci gaba. Filin ƙwallon kwando na makaranta ko tsakar gida mai siminti da aka share sun fi kowane titi, ko da kwaltarsa sabuwa ce, domin titi na masu kabu-kabu da motoci ne, ga lambatu a gefe. Kama bayan mota ko Keke Napep don ta ja mutum yana daga cikin mafi haɗarin abin da mai takalmin taya zai yi: direba bai san da shi ba, kuma birkin diddige ba zai tsayar da shi a wannan gudun ba. Gangara ma sai an ƙware.

Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, don haka a yi wasan da sanyin safiya ko bayan la'asar, da ruwan sha a kusa, kuma wani babba yana kallo. A lokacin hunturu ƙura tana shiga boris, biyu a kowace taya, ta cinye maikonsa. Sai a kwance tayoyin da alanki, a goge, a ɗiga mai mara kauri. Tayoyi sun fi cinyewa ta gefen ciki, saboda haka ake sauya musu wuri ana juya fuskarsu.

Idan an ji rauni

Ƙujewa ana wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu a rufe. Amma wuyan hannun da ya kumbura ko ya karkace bayan faɗuwa yana buƙatar hoton ƙashi a asibiti kafin a yi maganar ɗori, domin ƙashin yaro yana girma ne daga kusa da gaɓa, kuma karaya a wurin tana iya kama da targaɗe. Yaron da kansa ya bugu ya yi amai, ko ya rikice, ko barci mai nauyi ya kama shi, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, hular kwanon da ta sha bugun kuma a sauya ta.